Fadamun Gishiri na Norfolk, Inda Teku Ke Yanke wa Baƙo Lokaci

Duk wanda zai je kallon tsuntsaye a Snettisham, wani ƙauyen bakin teku a yankin Norfolk na Ingila, ba shi ke zaɓar rana ba. Akwai jadawalin cika da janyewar teku da ake fitarwa tun kafin shekara ta kama, shi ake fara dubawa, sannan mutum ya karkata sauran harkokinsa su bi shi. A gaɓar gabashin Ingila teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da kwana, kuma cikar yau takan makara da kamar minti 50 a kan ta jiya. To amma ba kowace cika ce ke da amfani ga mai kallo ba. Babbar ake nema, wadda ke zuwa daidai tsayuwar sabon wata, ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan daren sha huɗu, lokacin da rana da wata suka haɗa ƙarfi suna jan ruwa. Mafi girmansu sukan faɗo wajajen Maris da Satumba. A wannan yanki kuwa babbar cika da sassafe take zuwa ko da yamma liƙis, saboda haka in ta faɗo cikin duhu an yi asararta ke nan, sai a jira mako biyu.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a can shi ya ja ni cikin wannan sha'ani. Ya turo mini hoton jadawalin, ya zagaye wata safiya ta Oktoba da jan biro, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, wannan ko a fasa." Daga tashar King's Cross ta Landan jirgin ƙasa ya sauke mu a King's Lynn cikin ƙasa da awa biyu. Muka bi hanyar A149 muka yi arewa, muka gifta ta Sandringham inda gidan sarautar Ingila ke da gandu, muka kwana kusa da ƙauyen. Asuba ba ta gama yi ba muna wurin ajiye motoci. Daga nan sai ƙafa, sama da kilomita biyu a kan tsakuwa, ana bin gefen wasu tafkuna da bayan ƙananan gidajen hutu na bakin ruwa. Mutane gaba da baya, wasu da 'yar fitila a goshi, wasu sun saɓa manyan madubin hangen nesa masu ƙafa uku, kowa ya ja bakinsa.

Da gari ya fara wayewa sai ga abin da muka yi sammako dominsa: taɓo. Taɓo fayau, ruwan toka, ya miƙe har inda ido ya ƙure, tekun kuwa sai wani siririn layi mai sheƙi can nesa. Wannan shi ne Wash, wani ƙaton lungun teku da ya kutsa tsakanin Norfolk da Lincolnshire, inda manyan koguna huɗu ke juye ruwansu. In ruwa ya janye yakan bar kilomitoci na laka da yashi a fili. A nan ne, kamar yadda marubutan tarihi na da suka ruwaito, ruwa ya rutsa da ayarin kayan Sarki John a 1216, kuma har yau ba a ga dukiyar ba. Wanda ya tsaya ya ga yadda ruwan ke dawowa ba zai yi musun labarin ba. Shiru yake malalowa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya fara cike kwazazzabai, ya zagaye tudun yashi ta baya, kafin ka ankara inda ka ga ƙasa ɗazu ya zama kogi.

"Kawu, ɗora madubi a kan wancan baƙin layin."

Kai ka ce inuwar gajimare ce ta kwanta a kan laka. A cikin madubi kuwa layin motsi yake. Tsuntsaye ne cunkus, kafaɗa da kafaɗa, suna tafe a gaban ruwa, ruwa na tura su suna matsowa, bakinsu bai daina caccakar taɓo ba. Kowa na son ya ƙara loma kafin a rufe kasuwa. Waɗanda suka fara haƙura su ne wasu manya masu baƙi da fari da dogon jan baki, masu fasa ƙumba. Su dai ba su iya komai a ɓoye ba, da ihu suka taso, layi-layi, suka wuce ta kanmu zuwa tafkunan da ke bayanmu. Sai kaliyu, mai dogon baki lanƙwasasshe ƙasa, wanda ya fi duk masu kiwon taɓo na Turai girma, yana wani kuka mai tashi sama da ke sa jikin mutum ya yi sanyi. Ƙananan nan masu ruwan toka da ake kira not su ne masu taurin kai. Suka yi ta ja da baya suna matsewa a kusurwar da ruwa bai kai ba, kusurwar na ƙara tsukewa, har aka kai inda ba masaka tsinke.

Sannan suka tashi. Na sha ganin garken tsuntsaye, amma ban taɓa ganin ƙasa ta ɗaga sama ba sai ranar. Gefe ɗaya ne ya fara ɗagowa, sauran suka bi, har garken ya zama doguwar igiya baƙa a sararin sama. Bayan not toka-toka ne, cikinsa fari, to in suka juya mana baya sai garken ya yi duhu, in suka karkata suka nuna ciki sai ya yi fari fat, wani lokaci ya ɓace ɓat a cikin hasken safiya, ya sake bayyana a wani wurin. Yadda ƙaiƙayi ke yi in ana shiƙa a ranar iska, ya dunƙule, ya watse, ya zubo, haka suka yi ta yi, sai dai wannan ƙaiƙayin ya san inda za shi. Da wani reshe na garken ya sauko ƙasa-ƙasa ya bi ta kanmu, ba kukan ko ɗaya na ji ba, sai ƙarar fukafukai, shuuu, mai nauyi, har iskar tana taɓa fuska. Wani mutum kusa da ni ya sauke kyamararsa ya bar ɗauka. Na ga ya yi daidai.

Can sai garken ya tsage gida biyu kamar an sare shi, ya sake haɗewa ya curu wuri guda. Yaron ya dafa ni ya nuna sama. Shaho ne, ya haye can ƙololuwa ya naɗe fukafukai ya sulalo. Bai samu komai ba a wannan karon. Wannan rawa da muke ta santin kyawunta, a wurinsu dabarar tsira ce: mai farauta yana bukatar ya tsai da ido a kan guda ɗaya, a cikin dubbai masu juyi tare kuwa ido ba ya tsayawa.

A Oktoban 2020 an ƙirga not kimanin 140,000 a Snettisham, adadin da ba a taɓa samu ba a wurin. Wash gaba ɗayansa yakan ɗauki tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a lokacin sanyi, ya fi ko'ina a Birtaniya.

Da ruwa ya shafe taɓon ƙaf, sai kallo ya koma ɗakunan leƙe. Ɗakuna ne na katako masu dogayen tagogi sirara, a zauna a benci a leƙa ba tare da tsuntsu ya ga mutum ba. Tafkunan da suke kallo ramuka ne da aka haƙa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashe tsakuwarsu don gina filayen jiragen yaƙi. Yanzu a bakinsu not ke jiran ruwa ya sauka. Daga nesa sai ka rantse tsibirin duwatsu ne masu ruwan toka. Na tsai da madubi a kan ɗaya da ke bakin taro. Bai kai kurciya ba, ɗan dunƙule, gajerun ƙafafu, ya cusa baki a bayan fiffike, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ido ɗaya a buɗe. Da na gefensa suka matso, bai ko sauke ɗayar ƙafar ba, sai ya yi 'yar tsalle-tsalle da guda ya gusa. Wannan 'yar gusawa ita ke bin taron gaba ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan, har tsibirin ya riƙa malala a hankali alhali ba wanda ya tashi. Kusan awa guda muka yi a haka. Da ruwa ya fara sakin taɓo, suka fara zarewa rukuni-rukuni suna komawa kiwo.

Abin da ke tara su a nan yana ƙarƙashin lakar da na raina da asuba. Cike take da tsutsotsi da ƙananan ƙumba da katantanwa. Not ƙumba yake ci, kuma ɗungum yake haɗiye ta da ɓawonta, ƙundunsa ya niƙe. Masu bincike a Holan sun gano cewa ƙundun nan yakan girma ya kuma motse gwargwadon taurin abincin da ya samu, kuma a tsinin bakinsa akwai jijiyoyin da ke jin canjin matsin ruwa a cikin jiƙaƙƙen yashi, har ya gane akwai ƙumba a kusa tun bai taɓa ta ba. Waɗanda ke sanyi a Wash a Girinlan da tsibiran arewacin Kanada suke ƙyanƙyasa, sukan yada zango a Aislan a hanya. A can jikinsu ja ne kamar jan bulo, a nan ne suke sa tufafin toka. Tun 1959 akwai wata ƙungiyar masu sa kai da ke kama tsuntsayen Wash tana sa musu zobe mai lamba a ƙafa, kuma yawancin abin da aka sani game da tafiyarsu daga irin wannan aikin haƙuri ya fito. Ta zoben ne aka san cewa ɗaya daga cikin masu jan bakin nan ya haura shekara 40 a duniya.

Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa masu kula da wurin ke tsananta maganar kare da ba a ɗaure ba, da masu matsawa kusa don hoto. Tsuntsun da ke tsaye da ƙafa ɗaya kitse yake tattali. Duk tashin da aka sa shi ya yi a banza, daga guzurin tafiya aka cire.

Bayan azahar muka ƙarasa Titchwell, ƴan kilomitoci gabas da garin Hunstanton. In Snettisham wurin abin mamaki ne na awa ɗaya, Titchwell makaranta ce. Hanya ɗaya ce ɗoɗar a kan ganuwar ƙasa, kimanin kilomita guda daga ofishin baƙi zuwa bakin teku, kuma duk taku ɗari gishiri na ƙaruwa. A hannun dama za ka fara da kurmin karan ruwa, sai tafki mai ruwan daɗi da tsibirai, sai wata ganuwa, sai fadamar da teku ke shiga kullum. A hannun hagu kuwa fadamar gishiri ce tsantsa ta miƙe har ƙauyen Thornham, kwazazzabai sun tsattsaga ta. Na sauka daga maganar tsuntsaye na tsuguna a gefen hanya don in ga abin da ke iya tsiro a inda ruwan gishiri ke wanka. Akwai wata 'yar tsiro da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ba ganye, sai gaɓa-gaɓa masu ruwa a ciki, kore a lokacin zafi, amma a Oktoba ta rine ja, har fadamar ta yi jaja-jaja. Ita ce ke fara kama ɗanyen taɓo. In ta tsaya sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, ƙasa ta ɗan ɗaga, wasu tsirrai su samu wurin zama. A haka fadamar ke gina kanta, kaɗan-kaɗan, kowace cika da nata ɗan ƙarin.

Titchwell da Snettisham duka na hannun ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda mata suka kafa a 1889, ƙarƙashin jagorancin Emily Williamson a Manchesta, don yaƙi da kashe tsuntsaye saboda gashin ado a hulunan mata. Ƙungiyar ta sayi Titchwell a 1973. Kafin nan wurin ya yi gona, ya yi filin koyon harbi na tankokin yaƙi, kuma in ruwa ya janye sosai akan ga tsatsattsun ragowar tankoki a yashi. Kusa da su akwai abin da ya fi su tsufa nesa ba kusa ba: baƙin dandali mai taushi da kututturan itatuwa, ragowar dajin da ya tsaya a nan tun zamanin da ana iya takawa da ƙafa daga Ingila zuwa Turai, kafin Tekun Arewa ya cinye ƙasar. A kansa wasu ƴan fararen tsuntsaye ke ta tsere da igiyar ruwa, ta ja su bi ta, ta dawo su ruga.

A Janairu na koma, sai na tarar kamar wani wuri aka kai ni. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ƙarfe huɗu kuma ta yi sallama. Iskar da ke tasowa daga teku ba ta san riga ba. Jan fadamar ya tafi, komai ya koma ruwan ƙasa. Kuma dokar wata ta juye. Wannan karon dinya muka zo gani, masu ƙafa ruwan hoda da ke zuwa daga Aislan da gabashin Girinlan, su kuwa farin wata ɓata lissafi yake yi. Al'adarsu su kwana a kan taɓo inda yanyawa ba ta iya cim musu, da asuba su tashi su nufi gonaki. To in wata ya yi haske sai su zarce da kiwo cikin dare, mai sammako ya zo ya tarar da wayam. Saboda haka mai son dinya duhun wata yake nema.

Mun dace. Tun kafin a ga komai ake jin su, wani gunaguni mai kauri can cikin duhu, yana ƙaruwa, sai kuma ya fashe. Suka taso sahu-sahu, kowane sahu da mai ja gaba, wani na bin wani, sama ta cika da kuka mai kaifi, dubun dubata, aka ɗauki lokaci mai tsawo ba su ƙare ba. Abin da ke kawo su Norfolk shi ne wani tushe da ake nomawa a yankin don yin sukari. In an girbe, ganye da gutsattsarin tushen sukan rage a gona, su ne abincinsu. Manomi mai dabara yakan jinkirta huɗar irin wannan gona, don ya san in ya binne ragowar da wuri, kan alkamarsa mai tsiro za su koma.

A Titchwell kuma wata dinyar ce daban, ƙarama, baƙa, da ɗan farin tabo a wuya, daga gaɓar arewacin Siberiya. Wata dattijuwa ƴar sa kai na zaune a ɗakin leƙe da ɗan littafi a cinya tana ƙirga su, amma na lura ba jimilla take nema ba. Ta ce in duba fiffike: masu fararen zane-zane ƴaƴan bana ne, masu fiffike baƙi sumul manya ne. "In ka ga yara da yawa," in ji ta, "to ɓeraye sun yi albarka a Siberiya." Na ɗauka zolaya ce, ashe magana ce mai tushe. Akwai wani ɓeran ƙasar ƙanƙara da yawansa ke hawa da sauka duk bayan ƴan shekaru. Shekarar da ya yi yawa, yanyawar can takan ƙoshi da shi ta ƙyale ƙwan dinya. Shekarar da ya yi ƙaranci, sai ta koma kan sheƙa, garke ya iso Ingila kusan ba yaro. Wato daga wannan benci, da fensir, tana karanta labarin abin da ya faru a wani jeji mai nisan dubban kilomitoci wata shida da suka wuce.

Dab da magariba shirwar fadama ke taruwa a kan kurmin kara don kwana. Ɗaya ta zo, biyu, sai ga gommai suna shawagi ƙasa-ƙasa, fukafukai a ɗage, kafin su faɗa ciki ɗaya bayan ɗaya. A 1971 ma'aurata guda tak suka rage masu sheƙa a duk Birtaniya, a Minsmere ta Suffolk, bayan busar da fadamu da harbi da magungunan ƙwari sun kusa gamawa da su.

Wani abu ya faru a Holkham, gabas da Titchwell, da har yanzu in na tuna sai na yi dariya. Mun tarar da mutane sun yi dafifi a bakin shinge, madubai duk sun fuskanci garken shanu, ana ta raɗa. Yaron ya tambaya, ya dawo yana danne dariya. "Kawu, wai balbela ce." Balbela dai da ka sani, tana bin sawun saniya tana tsintar abin da ta tayar. A Birtaniya ba ta taɓa yin sheƙa ba sai a 2008, a Somerset, kuma har yanzu akwai wanda zai tsai da mota dominta. Ban ga laifinsu ba, ai mu ma mun yi sammako saboda abin da mutanen ƙauyen Snettisham ke gani ta taga. Inda nake da ja shi ne da masu farautar baƙon tsuntsu kawai, waɗanda za su shigo ɗakin leƙe su tambaya ko akwai wani abu, a ce musu sai na kullum, su juya su fita alhali agwagi dubu na gabansu. Suna da jerin sunaye da suke cikewa, kuma jerin ya fi tsuntsun daraja a wurinsu.

Watan Mayu na kunne ne. Dinya sun tafi, not sun ragu, amma kurmin kara ya cika da surutu. Mafi yawan masu surutun ƴan mitsi-mitsi ne, nauyin ɗaya kimanin giram 12 ne, kuma daga Afirka ta Yamma suka dawo, sun ƙetare Sahara da Bahar Rum. Alaƙar ba ta baka ba ce. A 1969 masu ƙirga a Birtaniya suka wayi gari fiye da rabin wata ƴar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ba su dawo ba, da aka bi sawu sai aka tarar fari ne a Sahel ya cinye su. Ruwan da aka yi ko ba a yi ba tsakanin Senegal da Tafkin Chadi yana bayyana a yawan waƙar da za a ji a Norfolk. A ƙarƙashin wannan hayaniya, in ka yi sa'a, za ka ji wani gurnani mai zurfi daga cikin kara, wanda ke kai nisan kilomitoci. Wani ɗan'uwan zalɓe ne mai ruwan ƙasa, gwanin ɓuya, da muryarsa ake ƙirga shi don ganinsa wuya. A 1997 maza 11 kaɗai aka ji a duk ƙasar, yanzu sun haura 200.

Sarauniyar tafkin a wannan wata ita ce abosit, fara da baƙin zane, dogayen ƙafafu shuɗi-shuɗi, siririn baki mai lanƙwasa sama da take sharar ruwa da shi hagu da dama. Ita ce a tambarin RSPB. Ta daina sheƙa a Birtaniya wajen 1840, ta dawo a 1947 a gaɓar Suffolk, bayan an cika wasu filayen bakin teku da ruwa lokacin yaƙi don tare abokan gaba. A hoto sai ka ce ba ta iya taka ƙwai ya fashe ba. A zahiri masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa. Na ga ɗaya ta bi agwagwa da ƴaƴanta da bugu har sai da suka bar tsibirin, ta dawo ta tasam ma shirwar da ta ninka ta girma.

Yuni ba shi da wani labari. A Yuli wata fure takan rufe fadamar gishiri da launin shuɗi mai ratsin ja, kuma tun a lokacin masu kiwon taɓo na farko sun fara dawowa daga arewa, yawanci waɗanda sheƙarsu ta lalace.

Duk wannan a bakin teku mai ci yake zaune, kuma mutanen yankin ba su manta ba. Daren 31 ga Janairu 1953 guguwa ta haɗu da babbar cika, ruwa ya fasa ganuwa a duk gaɓar gabas, mutum 307 suka mutu a Ingila, Snettisham da Hunstanton na cikin wuraren da suka fi jin jiki. A wannan dare ne ganuwar Titchwell ta karye, gonar ta koma fadama. Ranar 5 ga Disamba 2013 aka sake yin irinsa. Gargaɗi ya isa da wuri, amma ɗakunan leƙe na Snettisham sun sha kashi, kuma ruwan gishiri ya mamaye Cley, tsohon wurin da Dakta Sydney Long da abokansa suka saya tun 1926 don tsuntsaye.

A Titchwell an riga an yanke shawara kafin wannan. Tsakanin 2009 da 2011 aka gina sabuwar ganuwa mai ƙarfi a ciki, sannan da gangan aka fasa ta waje, aka bar teku ya shiga wani sashe ya mai da shi fadamar gishiri. Hikimar ita ce fadamar da ke gaban ganuwa takan karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso, ga shi kuma tana ɗaga kanta da laka yayin da teku ke hawa, abin da kankare ba ya yi. A 2013 sabuwar ganuwar ta riƙe, ruwan daɗin ya tsira. Ba kowa ke murna da irin wannan tsari ba. Wani direban tasi da ya ɗauke mu ya ce kakanninsu da hannu suka ƙwato ƙasar nan daga teku, yanzu masu digiri sun zo suna mayar masa da ita saboda agwagi. Na fahimci zafinsa, kuma sauƙi ne ga baƙo irina ya yi wa gonar wani kyauta. Sai dai a ganina ba tsakanin agwagi da gona zaɓin yake ba. Inda aka kafe ganuwa a bakin ruwa, fadamar da ke gabanta takan matse tsakanin teku mai hawa da bango mara motsi har ta ƙare, daga nan igiya ta koma dukan bangon kai tsaye, kuɗin gyara kuma ya riƙa ninkawa.

Su kansu masu aikin ba su ce sun gama da teku ba, sun ce sun sayi lokaci ne na wasu gomman shekaru. Tsuntsayen gishiri za su bi gaɓa duk inda ta koma. Na ruwan daɗi, irin su mai gurnanin nan da shirwar fadama, su ne ke bukatar sabon gida nesa da teku, shi ya sa aka fara tanadar musu tun da wuri. A Lakenheath, can cikin ƙasa a iyakar Suffolk da Norfolk, RSPB ta sayi gonakin karas a 1995, ta haƙa magudanai, aka dasa karan ruwa da hannu. Mai gurnanin ya samu wurin ya zauna, kuma a 2007 gaurakin Turai suka sauka suka yi sheƙa a can.